A Tafi Gida Ko A Zauna? Lissafin 'Yan Kagoma Mazauna Kudu A Zamanin Korona

Da zarar watan Disamba ya kai tsakiya, duk mai bi ta tashoshin mota na Ikko ko Badun ko Fatakwal zai tarar da 'yan kudancin Kaduna sun yi cincirindo, kowa da jakarsa da buhun shinkafa da galan na man ja, ana cinikin kuɗin mota zuwa Kafanchan. Cikinsu akwai sojoji da 'yan sanda, akwai malaman makaranta da ma'aikatan asibiti, akwai masu gadi da direbobi da 'yan mata masu aikatau. Da yawansu Kagoma suka nufa, watau ƙasar mutanen Gwong ta cikin Ƙaramar Hukumar Jema'a, wadda hanyar Kafanchan zuwa Kwoi ta ratsa. Can ne Fadan Kagoma take, mazaunin Kpop Gwong, kuma mahaifar marigayi Patrick Ibrahim Yakowa, wanda ya yi Gwamnan Jihar Kaduna daga 2010 zuwa 2012.

A da, wannan tafiya ba ta bukatar wata doguwar shawara. In akwai kuɗin mota, an kuma sami hutu wurin aiki, shi ke nan sai hanya. Lokacin ne ake haƙar citta, lokacin ne ake ɗaurin aure, lokacin ne ake zaman dangi a sasanta rigimar gona. Kowa ya san karin maganar nan, kowa ya bar gida, gida ya bar shi.

Amma daga 2020 zuwa 2022 annobar korona ta sa abin ya zama lissafi mai nauyi. Mutum kan zauna da kuɗin mota a aljihu yana tambayar kansa: in na tafi, za a bar ni in shiga? In na shiga, za a bar ni in komo? Me kuma zan kai wa tsoffin da ke gida ban da tsaraba?

A Turai da Amurka, waɗanda irin wannan tambaya ta fi damu su ne masu shiga jiragen ruwan shaƙatawa, domin a cikin ɗaya daga cikin jiragen nan ne duniya ta fara ganin abin da kan sami matafiyi idan doka ta sauya yana tsakiyar hanya. Labarin ya cancanci a faɗa, don kuwa shi da labarin ɗan Kagoma mai jiran bas a Ikko, ɗan Juma ne da ɗan Jummai.

Jirgin Da Ya Zama Kurkuku

Tsofaffin mazauna Apapa za su tuna da Aureol, jirgin fasinja na kamfanin Elder Dempster wanda ya yi ta zirga-zirga tsakanin Ingila da Ikko har zuwa 1974. Wancan na kai mutum inda za shi ne. Jirgin shaƙatawa kuwa otal ne sukutum a bisa ruwa. Mutum ya biya kuɗi ya shiga, a yi mako ɗaya ko biyu ana yawo da shi gari-gari, ana ci ana sha ana kiɗa, a kuma mayar da shi inda aka ɗauko shi.

Ran 20 ga Janairu 2020 wani irinsa mai suna Diamond Princess ya tashi daga Yokohama ta ƙasar Japan. Wani dattijo mai shekara 80 ya sauka a Hong Kong ran 25 ga watan, bayan 'yan kwanaki aka auna shi aka ga yana ɗauke da cutar. Da jirgin ya komo Yokohama a farkon Fabrairu, sai hukuma ta hana kowa sauka. Mutum 3,711 ne a ciki, fasinja da ma'aikata. Aka ce fasinjoji kowa ya zauna a ɗakinsa har kwana 14. Ma'aikatan jirgin kuwa, waɗanda yawancinsu 'yan ci-rani ne daga Filifin da Indiya da Indunusiya, dole suka ci gaba da dafa abinci da kai wa ɗaki-ɗaki, suna kwana su biyu ko fiye a ɗaki guda. Kafin a gama, mutum 712 sun kamu, fiye da goma sun rasu.

Ba shi kaɗai ba ne. A watan Maris wani jirgin mai suna Zaandam ya yi ta gararamba a gaɓar Amurka ta Kudu da marasa lafiya da gawarwaki a ciki, duk tashar da ya nufa sai a ce ba a yarda ya tsaya ba. Ran 14 ga Maris hukumar hana yaɗuwar cututtuka ta Amurka ta hana irin jiragen nan tashi daga ƙasarta baki ɗaya, kuma sai a ƙarshen Yuni 2021 babban jirgi ya sake ɗaukar fasinja daga can. Duk mutanen nan sun shiga jirgi ne da tikiti na halal, babu wata doka da suka karya ranar da suka tashi. Ƙofa ce aka rufe a bayansu.

Ranar Da Kaduna Ta Rufe Ƙofa

A Nijeriya an tabbatar da mutum na farko mai cutar ran Alhamis 27 ga Fabrairu 2020, wani Bature ɗan Italiya da ya sauka a Ikko. Kafin wata guda ya cika, Gwamnatin Tarayya ta rufe filayen jiragen sama ga masu zuwa daga waje, aka kuma tsayar da jiragen ƙasa na fasinja. Shugaban Ƙasa na lokacin, Muhammadu Buhari, ya sa dokar kulle a Ikko da Ogun da Abuja daga daren Litinin 30 ga Maris.

Jihar Kaduna ma ta riga su. Tun ran 26 ga Maris ta kafa dokar zaman gida dare da rana, bisa ikon wata tsohuwar Dokar Killace Masu Cuta ta 1926. Bayan kwana biyu Gwamnan lokacin, Malam Nasiru El-Rufa'i, ya sanar cewa shi kansa ya kamu, sai ragamar yaƙi da annobar ta koma hannun Mataimakiyarsa, Dokta Hadiza Balarabe, likita ce 'yar ƙasar Sanga, maƙwabciyar Jema'a. Aka rufe kasuwanni da coci-coci da masallatai, aka datse hanyoyin shigowa jihar, aka kafa kotunan tafi-da-gidanka domin masu karya doka. Aka riƙa ba mutane kwana biyu a mako su fita sayen abinci. Haka aka zauna kwana 75, sai a wajen 10 ga Yuni aka sassauta. Daga ran 4 ga Mayu kuma Gwamnatin Tarayya ta hana tafiya daga jiha zuwa jiha a ƙasa duka, ban da masu dakon abinci da magani da man fetur da makamantansu, ba a kuwa ɗage wannan ba sai ran 1 ga Yuli.

To, mai karatu ya dubi hanyar. Wanda ya taso daga Ikko zuwa Kagoma zai ratsa Ogun da Oyo da Osun da Ondo, ya shiga Kogi ya haye kogin Kwara bayan Lokoja, ya bi ta Abuja, sa'an nan ya nufi Kwoi. Kowace iyaka da shingenta, kowane shinge da nasa sharaɗin. Mutum na iya tsallake shida a mayar da shi a na bakwai, ga kuɗin mota ya tafi, ga gaba ta ƙi, ga baya ta yi nisa. Jaridu sun sha ba da labarin samarin da aka kama an ɓoye su cikin tirelolin shanu da na kayan abinci, wasu za su Kudu, wasu za su Arewa. Direbobin da suka yarda su bi ta ɓarauniyar hanya kuwa, sai abin da suka yanka wa fasinja.

Abin Da Ke Kan Sikeli

Me zai sa mai hankali ya jefa kansa cikin wannan wahala? Wanda ke da albashi a banki ba zai gane ba sai an yi masa bayani. Kulle ya faɗo ne daidai lokacin da ƙasar Kagoma ta fi bukatar 'ya'yanta. Bikin Ista na 2020 ya zo ran 12 ga Afrilu. Cikin Afrilu da Mayu ne ake dasa citta, a rufe kunyoyi da ciyawa ko ganye, aikin da ke bukatar hannu da yawa da kuɗin ƙodago. Gidan da ya saba ɗansa na Ikko ne ke zuwa ya tsaya a kan aikin, in bai zo ba, amfanin shekara guda ke nan ya sami matsala. Ga Musulmin Kafanchan mazauna Kudu kuma, azumi ya kama a ƙarshen Afrilu, Ƙaramar Salla ta zo ran 24 ga Mayu, duk a cikin hanin.

Sa'an nan ga ciki. Mai gadi ko ɗan acaba ko lebura a Ikko, in bai fita yau ba, babu tuwon dare. Kuɗin haya bai san da wata annoba ba. A ƙauye kuwa akwai rumbu, akwai acca da dawa da doya, akwai ɗakin da ba a biya. Ga irin wannan mutum, zaman Ikko shi ne kasadar, tafiya gida kuwa neman tsira.

Mafi nauyi duka shi ne mutuwa. A kudancin Kaduna jana'iza ba abin wasa ba ce. Akan ajiye gawa a asibiti har 'ya'ya su hallara daga duk inda suke, kuma ɗan da bai zo binne uwarsa ko ubansa ba, maganar takan bi shi shekara da shekaru. A watannin nan an taƙaita yawan masu halartar jana'iza, an kuma rufe hanya. Iyalai suka shiga zaɓi biyu, ko su binne ba tare da na nesa ba, ko su ci gaba da biyan kuɗin ɗakin ajiye gawa ba su san ranar da za a buɗe hanya ba.

A ɗaya gefen sikelin kuwa akwai abin da ba a gani da ido. Ikko ce cibiyar cutar a ƙasar nan, ita ta fi kowace jiha yawan masu kamuwa. Likitoci sun bayyana tun da wuri cewa cutar takan yi kwana biyu zuwa 14 a jiki kafin ta nuna, kuma saurayi mai jini a jika na iya ɗauke da ita bai ko yi tari ba. Waɗanda ta fi kayarwa su ne tsofaffi da masu ciwon sukari da hawan jini. Su wane ne ke zaune a ƙauyukan Kagoma sa'ad da matasa suka tafi neman kuɗi? Su ne dai tsofaffin. Babban asibitin da za a garzaya da su shi ne na Kafanchan, wanda aka sa wa sunan marigayi Yakowa, Kaduna kuwa tafiyar sa'o'i ce. Abin da ya faru a Kano ya ƙara tsoratar da mutane. A watan Afrilu aka yi ta mace-macen dattawa, daga baya Ministan Lafiya na lokacin, Dokta Osagie Ehanire, ya ce binciken da aka yi a kan mutuwar mutum 979 ya nuna wataƙila rabi ko fiye na da alaƙa da korona.

Ko da aka buɗe hanya ran 1 ga Yuli, 'yan kudancin Kaduna ba su huta ba. Cikin wannan wata aka kai hare-hare a Kukum Daji ta ƙasar Kaura da Zikpak kusa da Kafanchan, gwamnatin jiha ta sa dokar hana fita dare da rana a Jema'a da Kaura. Wanda ya yi wata uku yana jiran ƙofar lafiya ta buɗe, sai ya tarar ƙofar tsaro ta rufe.

Takardar Awo Da Iyakarta

Da aka ga ba za a iya rufe duniya har abada ba, sai hukumomi suka koma ga takarda. A jiragen shaƙatawa, wanda ya fara gwada wannan shi ne MSC Grandiosa, da ya tashi daga Genoa ta Italiya ran 16 ga Agusta 2020. Ba mai shiga sai an auna shi a bakin tasha. In an tsaya a wani gari, ba mai fita sai cikin ayari da ɗan rakiya. Wasu iyali da suka ware daga ayari a birnin Napoli, da suka komo aka hana su shiga, jirgi ya tafi ya bar su.

Nijeriya ta buɗe filayen jiragen sama na Ikko da Abuja ga jiragen waje ran 5 ga Satumba 2020, ita ma da nata sharuɗɗan. Mai shigowa sai ya nuna takardar awon nan da ake kira PCR wadda aka yi cikin 'yan kwanaki kafin tashinsa, ya yi rajista a intanet, ya biya kuɗin awo na biyu, ya keɓe kansa kwana bakwai, sa'an nan a sake auna shi. A Ikko kuɗin awo a ɗakunan gwaji masu zaman kansu Naira 50,400 ne, alhali mafi ƙarancin albashi a lokacin Naira 30,000 ne. A farkon 2021 gwamnati ta dakatar da fasfo ɗin mutum 100 na tsawon wata shida saboda sun ƙi zuwa awo na biyu.

Mai shiga bas zuwa Kafanchan ba a bukaci wannan takarda a hannunsa ba. Abin da aka ɗora masa shi ne takunkumi da wanke hannu da auna zafin jiki a tasha, aka kuma ce direbobi su rage fasinja, abin da ya sa kuɗin mota ya tashi. Amma akwai masu hali da suka riƙa yin awon don kansu kafin su je ga iyaye, kuma a nan ne ya kamata a fahimci abin da takardar ke faɗi. Awon na nuna halin da mutum yake ciki ne a sa'ar da aka zura masa tsinken auduga a hanci. In ya kamu jiya ko shekaranjiya, ƙwayar cutar ba ta yi yawan da na'ura za ta gan ta ba, takarda za ta ce lafiya lau. In kuwa ya karɓi takarda ran Talata, ya kwana cikin bas mai rufaffun tagogi ran Alhamis tare da mutum hamsin, to, takardar ba ta san abin da ya shaƙa tsakanin Ore da Lokoja ba. Wannan ne dalilin da ya sa aka haɗa awo da zaman kwana bakwai. Wanda ya isa gida ya kwana a ɗakin waje, ya gaishe da tsohuwa daga bakin ƙofa na 'yan kwanaki, ya fi kare ta bisa ga wanda ya rungume ta da takarda a aljihu.

Haka nan maganar citta. Da annoba ta zo, mutane a birane suka dukufa shan citta da tafarnuwa da lemun tsami, har kasuwar citta ta yi kyau, manoman Kagoma da Kwoi da Kachia suka ji daɗi. Shayin citta na ɗumama maƙogwaro, amma babu likitan da ya tabbatar yana hana kamuwa da korona.

Masu Niyyar Urushalima Da Makka

In akwai tafiyar da ta yi kama da ta jirgin shaƙatawa a rayuwar mutumin kudancin Kaduna, ita ce tafiyar ibada. Ita ma akan yi shekaru ana tara mata kuɗi, a biya tun da wuri, a tafi cikin ayari. Kiristan da ya je Isra'ila ma akan ɗauke shi a jirgin ruwa a zaga da shi Tekun Galili.

Isra'ila ta rufe ƙofarta ga baƙi a watan Maris 2020. Da abin ya yi tsawo, Hukumar Masu Ziyarar Ibada ta Kirista, wadda Rabaran Yakubu Pam ke jagoranta a lokacin, ta karkata ayarinta na 2021 zuwa ƙasar Jodan, inda Dutsen Nebo yake da wurin da ake cewa a nan aka yi wa Yesu baftisma. Sai maniyyaci ya zaɓa, ko ya karɓi Jodan yanzu, ko ya jira Urushalima ba ranar da aka sa. Isra'ila ta ɗan buɗe ga masu allurar rigakafi ran 1 ga Nuwamba 2021, kafin watan ya ƙare ta sake rufewa, ba ta kuwa buɗe wa kowa da kowa ba sai a watan Maris 2022.

Na maniyyata Hajji ya fi haka tsanani. Saudiyya ta dakatar da Umara ran 27 ga Fabrairu 2020. Hajjin wannan shekara mutane kaɗan ne mazauna ƙasar suka yi shi. A 2021 aka yarda wa mutum 60,000, su ma duk mazauna can. Hukumar Alhazai ta ba waɗanda suka riga suka zuba kuɗi zaɓi, wanda ke so ya karɓi abinsa, wanda ke so ya bari zuwa baɗi. Da aka buɗe a 2022, Nijeriya kujera 43,008 ta samu maimakon 95,000 na da. Sharaɗi kuwa, sai mai allurar rigakafi, da takardar awon da bai wuce sa'a 72 ba, kuma sai wanda bai haura shekara 65 ba. Kuɗin kujera da yake wajen Naira miliyan ɗaya da rabi a 2019 ya kai wajen miliyan biyu da rabi. Wanda ya yi haƙuri ya bar kuɗinsa sai da ya ciko. Dattijon da ya haura shekarun da aka yanke kuwa, jiran shekara biyu bai amfane shi ba a wannan karo, sai a 2023 aka janye sharaɗin shekaru.

In Kiɗa Ya Sauya

Disamban 2020 ya zo da dawowar cutar karo na biyu. Kaduna ta rufe makarantu a tsakiyar watan. Kwamitin Shugaban Ƙasa da Boss Mustapha ke shugabanta ya shawarci jihohi su taƙaita taro, ya kuma roƙi jama'a su bar tafiyar da ba ta zama dole ba. Wannan karo ba a datse hanya ba, shawara ta koma hannun kowane mai gida. Wasu suka tafi, wasu suka aika kuɗi ta banki suka yi gaisuwar Kirsimeti ta waya, wasu kuma mutum ɗaya ya wakilci gida, mata da yara suka zauna.

Allurar rigakafi ta iso Abuja ran 2 ga Maris 2021, kusan miliyan huɗu ta AstraZeneca, aka fara yi ran 5 ga watan. Mutane suka ɗauka an gama. Sai ga sabon nau'in cutar da aka sa wa suna Omikron a ƙarshen Nuwamba, daidai lokacin da 'yan Nijeriya mazauna waje ke shirin zuwa gida. Ran 6 ga Disamba 2021 Ingila ta sa Nijeriya cikin jerin ƙasashen da ta hana baƙi zuwa daga cikinsu. Ma'aikaciyar jinya mazauniyar Ingila da ta riga ta iso gida hutu, in za ta koma bakin aiki, sai ta biya Fam 2,285 an killace ta kwana goma a otal. Ran 15 ga watan aka soke dokar. Kwana tara kacal ta yi, amma wanda ranar komawarsa ta faɗa cikin kwanakin nan, ya biya. A ƙarshen wannan wata ne kuma hukumar Amurka ta shawarci kowa, da mai allura da mara allura, ya guji jiragen shaƙatawa.

Abin da shekarun nan suka koya wa matafiya shi ne, sharaɗin ranar tashi ba lalle ne ya zama sharaɗin ranar komowa ba. Waɗanda suka fi samun sauƙi su ne waɗanda suka yi wa kansu tambayoyi tun ba su biya kuɗi ba. Shin wannan tafiya za ta iya jira, ko kuwa irin ta jana'iza ce da ba a maimaitawa? Wa zai tarbe ni, shekararsa nawa, yana da wani ciwo? In aka rufe hanya ina can, aikina zai jira ni, akwai abin da iyalina za su ci mako biyu ko wata guda? In aka fasa tafiyar, za a mayar mini da kuɗina, a rubuce ko da baki? Ba a fafe gora ranar tafiya.

Ba Yau Farau Ba

Kakannin masu karatu sun ga irin wannan. A tsakiyar Satumba 1918 wani jirgin ruwa mai suna Bida ya sauke fasinja a Ikko daga ƙasar Gwalkwas, watau Gana ta yau, da babbar murar nan da ta game duniya a ƙarshen Yaƙin Duniya na Farko. Daga bakin teku ta bi layin dogo da koguna ta shiga ƙasa, cikin 'yan makonni ta kai Kano. Masana tarihi sun ƙiyasta ta kashe wajen mutum 500,000 a Nijeriya, lokacin da jama'ar ƙasar ba su wuce miliyan 18 ba. A lokacin jirgin ƙasa bai kai Kafanchan ba tukuna. Sai a wajen 1927 layin Fatakwal ya iso, garin ya zama mahaɗar jiragen Kudu da na Jos da na Kaduna, kuma ta wannan hanya ce 'yan Kagoma da maƙwabtansu suka fara gangarawa Kudu neman aiki. Hanyar da ke kai arziki gida, ita ce ke iya kai cuta.

Korona ba ta yi wa Nijeriya irin wancan ta'adi ba. Alƙaluman hukuma sun nuna wajen mutum 267,000 ne aka tabbatar sun kamu, 3,155 suka rasu, ko da yake waɗanda aka auna kaɗan ne in an kwatanta da yawan jama'a. Daga Afrilu 2022 aka daina neman takardar awo a hannun mai cikakkiyar allura, a Disamban shekarar aka janye sauran sharuɗɗan, ran 5 ga Mayu 2023 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce cutar ta fita daga matsayin annobar gaggawa. Jiragen shaƙatawa sun koma teku, bas-bas sun koma cika har da na tsaye.

Amma Dokar 1926 da aka rufe Kaduna da ita ta nuna cewa gwamnati na iya datse hanya a dare ɗaya, cututtuka masu yaɗuwa kuwa ba su ƙare ba. Zazzaɓin Lassa da sanƙarau da kwalara suna zagayowa da lokutansu. Ƙungiyoyin 'yan gari da ke taro kowane wata a Ikko da Fatakwal suna da asusun biki da na mutuwa. Zai yi kyau su ƙara da na wanda hanya ta rufe wa, su kuma san wanda zai tsaya a madadinsu a gida ranar da zuwa ya gagara. Allah ya kai kowa gida lafiya, ya kuma tarar da na gida lafiya.